Me ya sa adireshin IP na gidana yake ta canzawa? Amsa ga wani Alhaji a Garwa

Alhaji, ranka ya daɗe, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka sa kamara huɗu a gida, biyu a ƙofar waje, biyu a bakin siton da kake ajiye atamfa. Yaron da ya ɗaura maka ya rubuta wasu lambobi a bayan katin shago, ya ce da su za ka riƙa kallon gidan daga kasuwa ko in ka sauka Duwala sarin kaya. Ba a yi kwana biyu ba lambobin suka daina aiki. Ɗanka ya duba ya ga adireshin IP na gidan, wato lambar da ake gane gidan da ita a intanet, kullum sabo ne, yau da 102 ya fara, jibi da 41. Ga kuma Google ya turo maka saƙo cewa an shiga akwatin imel ɗinka daga Yawunde alhali kana zaune a Garwa. Kana son sanin ko modem ɗin ne ya lalace, ko kuwa wani ne ya shigo maka.

Ka kwantar da hankalinka. Babu abin da ya lalace, kuma wannan canjin shi kaɗai ba alamar ɓarawo ba ce. Na fi shekara goma ina ɗaura modem da jan waya tsakanin Garwa da Marwa, kuma kusan duk gidan da na shiga haka abin yake. Lambar nan ba taka ba ce. Ba ka saye ta ba lokacin da ka sayi modem, ba ta cikin kuɗin forfe, wato kuɗin data, da kake biya duk wata. Aro kamfanin ya ba ka, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Dalilin aron shi ne lambobin sun yi kaɗan. Tsarin da yawancin intanet ke tafiya a kai har yau, wato IPv4, an rubuta ƙa'idarsa a 1981, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe da juna galibi na jami'o'i ne da cibiyoyin bincike na Amurka. An tsara shi da lambobi biliyan 4 da miliyan 300, da ɗan ragi. A lokacin wa zai yi zaton za su ƙare? Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, kuma ka ƙirga gidanka kaɗai: wayarka biyu, ta Hajiya, na yara, talabijin, akwatin kamara mai naɗar hotuna. A ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, wadda ke riƙe da babban rumbun, ta raba kason ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya. Tamu ta Afirka, AFRINIC, mai ofis a tsibirin Morishas, ta samu rukunin da ke farawa da 102, lambobi miliyan 16 da wani abu, ga nahiya guda. Wannan 102 ɗin da ɗanka ya gani daga can ya fito, haka ma 41. Tun daga nan duk kamfanin da ke sayar da intanet, a Kamaru ne ko a Chadi, dole ya yi tattalin abin da ke hannunsa. Ba zai ɗaure lamba ɗaya ga modem ɗin da ke kashe rabin yini ba.

To sai ya zuba lambobinsa a kwarya ɗaya. Duk wanda ya kunna, a miƙa masa wadda ta zo hannu. Ya kashe, a mayar da ita kwarya, wani a Ngaundare ko Kusiri ya ɗauka. A layin waya na ƙasa ko na fiba, ana yin wannan ta hanya biyu. Ɗaya ita ce DHCP, wadda haya ce mai wa'adi: a ba modem lamba na awa kaza, in rabin wa'adin ya cika sai ya koma ya ce a sabunta masa. Muddin yana kunne yana sabuntawa, zai iya yin makonni da lamba ɗaya. In wa'adi ya cika yana kashe, to ta tafi. Ɗaya hanyar ita ce PPPoE, inda modem ke shiga da suna da kalmar sirri, kuma duk yankewa da sake shiga na iya zuwa da sabuwar lamba. Naka kuwa, tunda ka ce sim ne a ciki, ya fi su saurin sauyi. Duk lokacin da modem ya yi sallama da rezo, wato netwok, ya sake gaisawa, sabon zama ne, sabuwar lamba. Sauya eriya kaɗai ba ya canza ta in zaman bai yanke ba. Abin da ke yanke zaman shi ne ɗauke wuta, ko rezo ya faɗi gaba ɗaya, ko forfe ya ƙare a sake sayen wani, ko kamfanin da kansa ya sabunta.

Ka ga ke nan dalilin da ya sa mu a nan arewa muka fi mutanen wasu wurare ganin wannan abu. Wutarmu ta dogara sosai da madatsar Lagdo, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, kowa ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa. Modem ɗin da ya mutu sau uku a yini zai iya yin lamba uku a yini.

Amma, Alhaji, ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Ba lallai canzawar lambar kaɗai ce ta hana ka ganin kamararka ba. Ko da ta tsaya cik shekara guda, mai yiwuwa ba za ka gani ba, saboda a layin sim galibi lambar da ake gani daga waje ba ta gida ɗaya kaɗai ba ce. Ku da yawa ne a kanta a lokaci guda.

Ka tuna gidan fatoma a zango. Fatake talatin sun sauka gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, amma mutanen gari ƙofa ɗaya suka sani, ta fatoma. In baƙo ya aiki yaro kasuwa ya sayo masa goro, yaron zai dawo, fatoma ya san wane ɗaki ne ya yi aiken, sai ya nuna masa. Amma wani ya zo daga waje ya ce "ina neman baƙon gidan nan", ba suna, ba wanda ya aika a kira shi, fatoma ba zai san ɗakin da zai kai shi ba. Sai ya sallame shi daga zaure. Modem ɗin gidanka fatoma ne ƙarami. Wayoyin gida duk yana ba su lambobin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda aka keɓe tun 1994 don wannan aikin, kuma ba sa fita waje. Gidan maƙwabcinka ma irinsu ne, ba sa karo. Wannan shi ake kira NAT. Da lambobi suka ƙara tsada, sai kamfanonin salula suka kafa babban fatoma a cibiyarsu, suka sa gidaje da wayoyi masu yawa a bayan lamba ɗaya ta waje. Sunansa CGNAT. Abin yana yiwuwa ne saboda kowace lamba tana da ƙananan ƙofofi fiye da 65,000, ana yanka wa kowa nasa kason na ɗan lokaci. Duk abin da kai ka nema, Facebook ne, WhatsApp ne, labarai ne, amsa tana dawo maka lafiya lau, domin daga ciki aka yi aiken. Amma ranar da kake Duwala kana son leƙa ƙofar gidanka, kai ne baƙon da ya zo daga waje ba a aika a kira shi ba. A zauren kamfani za a tsayar da kai, ko modem ɗinka ba za ka iso ba.

Gani ya kori ji, don haka ka sa ɗanka ya gwada yau da daddare. Ya haɗa wayarsa da wifi na gida, ya buɗe shafin modem ɗin. In Huawei ne, galibi 192.168.8.1 ake rubutawa, in wani iri ne lambar tana manne a ƙasansa tare da kalmar shiga. Ya nemi wurin da aka rubuta WAN IP, wato lambar da kamfani ya ba modem ɗin, ya kwafe a takarda. Sannan ya buɗe ipinfo.io ya kwafe wadda duniya ke gani. In biyun iri ɗaya ne, kana da lamba ta waje, aro ce amma kai kaɗai ke riƙe da ita a wannan lokacin. In sun bambanta, musamman in ta modem ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, wanda rukuni ne da aka ware a 2012 musamman don wannan rabon, to kana bayan babban fatoma. A layin sim, abin da nake samu ke nan kusan kullum.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da na gani da idona a wani gida bara. Mai gidan ya biya masu gyara har biyu. Na farko ya buɗe ƙofofi a modem, 80 da 8000 da 554, yadda ake yi wa akwatin kamara. Na biyu ya yi masa rajistar DDNS, wato sunan da ke bin lambarka duk inda ta koma, irin wanda No-IP ke bayarwa. Duka biyun aikinsu daidai ne a littafi, kuma babu wanda ya yi amfani, domin ba wanda ya fara duba WAN ɗin. Da na buɗe, 10 ce a farko. DDNS maganin canzawa ne, ba maganin tarayya ba. Sunan yana ta nuna ƙofar kamfani, ba ƙofar gidan mutumin ba. Ban zargi yaran ba, abin da suka koya a bidiyon ƙasashen da ake da layin ƙasa a kowane gida suka yi. Amma kuɗin mutumin ya tafi, kuma abin ya dame ni.

Hanya mafi sauƙi gare ka, kuma wadda zan zaɓa da gidana ne, ita ce a bar akwatin kamarar ya yi aiken daga ciki. Kusan duk akwatunan yanzu suna da wannan. Na Hikvision suna amfani da Hik-Connect, na Dahua DMSS, da yawa daga cikin marasa suna XMEye. A kunna shi a cikin akwatin, a sauke manhajar a wayarka, a ɗauki hoton lambar QR da ke jikinsa. Daga nan akwatin ne zai riƙa kiran cibiyar kamfaninsa yana cewa ga ni nan, wayarka ma ta kira can, a haɗa ku. Lamba ta canza sau goma a yini, ba ruwanka. Katin nan da aka rubuta maka lambobi a baya, ba ka da sauran buƙatarsa.

Sai dai akwai abu biyu da ba zan ɓoye maka ba. Haɗin yana bi ta kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, don haka ra'ayina shi ne kamara ta tsaya ƙofar waje da sito, kada a kai ta tsakar gida inda iyali ke sha'aninsu. Kuma a canza kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita tun ranar farko, a sa doguwa wadda ba lambar wayarka ba ce, ba shekarar haihuwa ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kamarori da akwatunansu a duniya ba da wata dabara ba, kawai ta gwada kalmomin da masana'anta ke sawa irin admin da 12345, kuma a watan Oktoban shekarar aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Na biyu, kallon kamara yana cin forfe daga ɓangare biyu, na gida da na wayarka. Hoton da ke tafiya da megabit 1 a daƙiƙa yana cinye kusan mega 450 a awa. A manhajar akwai zaɓin ƙaramin hoto, shi za ka bari kullum, sai in ka ga abin da kake son tantancewa ka ɗaga.

Akwai masu buƙatar lamba tsayayya da gaske: ofishin da ke da rumbun bayanai wanda rassa ke shiga daga wasu garuruwa, ko wanda abokin hulɗarsa ya ce sai daga lamba ɗaya zai yarda a shiga. Irin waɗannan su je sashen 'yan kasuwa na kamfaninsu, Camtel ne, MTN ne ko Orange, su tambaya ko ana bayarwa a layin da suke kai. Kalmar da za a fahimce ka da ita a ofis ita ce « adresse IP publique fixe », kuma ka tabbata kalmar « publique » tana ciki, don tsayayyar lamba ta cikin gida ba za ta buɗe maka komai ba. Ana biyanta daban duk wata. Ga kamara huɗu a gida ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba, kuma duk wanda ya samu lamba ta waje ya sani ƙofarsa ta fito bakin titi, dare da rana akwai kwamfutocin da ke zagaye suna taɓa kowace ƙofa su ji ko a buɗe take. In ɗanka mai son koyo ne, akwai hanya ta uku, irin su Tailscale da ZeroTier, da ke haɗa na'urorinka cikin rufaffen layi ko da kana bayan CGNAT, amma tana son wata 'yar kwamfuta da za ta zauna kunne a gida.

Batun Yawunde kuwa, mai sauƙi ne. Adireshin IP ba ya ɗauke da sunan gari a jikinsa. Google da sauransu kintace suke yi daga inda lambar ta saba fitowa. Intanet ɗin Kamaru ta teku take shigowa, wayoyin ƙarƙashin ruwa suna sauka a Duwala da Limbe da Kiribi, kuma manyan cibiyoyin kamfanoni a kudu suke. Saƙonka yana tafiya fiye da kilomita 1000 kafin ya fita duniya, sai a gan ka a bakin ƙofar da ka fita. Abin dubawa a irin wannan saƙon shi ne sunan na'urar da lokacin. In ya ce Tecno ko Samsung irin taka, a lokacin da kai ne ka shiga, to kai ne. In ya ambaci kwamfuta alhali ba ka da ita, ko wata ƙasa da ba ka je ba, wannan kam a canza kalmar sirri nan take, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Tarayyar nan tana da wasu 'yan wahalhalu da za ka ci karo da su. Wani shafi ya ce ka zaɓi hotunan mota don ya tabbatar kai mutum ne, wani ya ce ka yi yunƙuri da yawa alhali yanzu ka zo, masu rubutu a Wikipedia ta Hausa su tarar an toshe su ba su yi komai ba. Laifin wani ne da kuka yi tarayya a lamba. Kashe modem na minti biyu a kunna yakan kawo wata. Kuma ka gaya wa samarin gida kada su ɗauka canjin lamba yana ɓoye mutum. Sim ɗin da katin shaidarka aka yi masa rajista, kamfani kuma yana ajiye bayanin wanda ya riƙe wace lamba a wane lokaci, dokar tsaron intanet ta Kamaru ta 2010 ma ta ɗora musu wannan.

Za ka ji ana cewa IPv6 zai kawo ƙarshen duk wannan. Lambobinsa 340 ne da sifili 36 a gaba, ba mai ƙarar da su, kuma tun 6 ga Yuni 2012 manyan shafuka suka kunna shi dindindin. Inda ya iso, fatoman tsakiya ba shi da sauran aiki. Amma ko a can wayoyi da gangan suke sauya rabin lambarsu na ƙarshe kusan kullum don kada a riƙa bin sawun mai su.

Yaushe canjin yake nuna matsala? In yana zuwa tare da yankewa, sau da yawa cikin awa ɗaya, alhali akwai wuta. Nan ba lambar za a bi ba, modem ɗin ne ke mutuwa yana tashi. A watan Afrilun da ya wuce an kira ni wani gida kan haka. Na tarar da modem a kan taga, ƙarƙashin kwano, rana ta dake shi, zafin gari ya haura 40, ramukan iskarsa sun toshe da ƙurar hunturu har ta yi kauri kamar auduga. Da na taɓa shi sai da na janye hannu. Cajar da ke jikinsa kuma ba tasa ba ce, ta wata tsohuwar dikoda ce, ƙarfinta bai kai ba. Muka busa ƙurar, muka sauke shi inuwa inda iska ke ratsawa, muka sa caja mai volt 12 da amfiya daidai da abin da aka rubuta a bayansa, yankewar ta tsaya. Kai ma a duba maka waɗannan, kuma in da hali a sayi ɗan batirin modem da ke riƙe shi in an ɗauke wuta. Akwatin kamarar ma yana son nasa, in ba haka ba lokacin da gari ya yi duhu, lokacin da ka fi buƙatarsa, yana kashe.

Saura abu ɗaya da yaron zai gyara in ya dawo. Lambobin cikin gida ma aro ne, modem ke rabawa. Yau akwatin kamara yana 192.168.8.101, a ɗauke wuta a dawo, wayar Hajiya ta riga shi shiga ta karɓe, shi ya koma 103, sai kwamfutar ɗanka ta neme shi a tsohon wuri ta rasa. Wannan kam a hannunka yake, kyauta. A shafin modem, ƙarƙashin DHCP, akwai wurin ɗaure lamba ga na'ura ta hanyar lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da na'urar ta zo da ita daga masana'anta. Ka ce ya ɗaure ta, ya kunna maka Hik-Connect ko abin da ya dace da irin akwatinka, ya rufe duk ƙofar da ya buɗe a modem, in akwai, tunda ba ta da amfani, sannan kafin ka sallame shi ka kashe wifi a wayarka, ka kunna data, ka ga ƙofar gidanka da idonka yana tsaye a wurin. Allah ya tsare gida da dukiya, ya sa albarka a kasuwa.